Yawan sauya aiki: me masu ɗaukar ma'aikata ke gani?

"Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi." Matasan bakin tafkin Kainji sun san wannan karin magana, amma mai ɗaukar ma'aikaci ba lissafin kifi yake yi ba.

A ce saurayi ya gama karatu a Yelwan Yawuri, ya koyar wata huɗu a makarantar kuɗi, ya riƙe shagon POS a Wara, sannan ya tafi haƙar zinariya. Ranar da ya nemi aiki a kamfanin casar shinkafa irin WACOT na Argungu, wanda aka buɗe a 2017, za a tambaye shi: me ya sa ba ka daɗewa? Dalilin tambayar kuɗi ne. Watannin farko na sabon ma'aikaci koyo ne, kamfani ke ɗaukar nauyinsa, in ya tafi da wuri an yi asara.

A kasuwa abin ya fi tsanani. Maigida ba ya duba takarda, shaida yake nema. Yaron da ya bar iyayen gida uku cikin shekara guda, wa zai tsaya masa?

Sai dai ba kowane sauyi ake ƙi ba. Wanda ke noman albasa da rani a Shanga, ya koma su ko shinkafa da damina, lokaci yake bi. Haka ma ba a ganin laifin wanda ya bar aiki don an riƙe masa albashi.

Kafin ka bar aiki, yi sallama ta mutunci, ka karɓi takardar shaida daga maigidanka.