Zarton Inji Mai Sarƙa: Yadda Ƙirarsa Ke Kare Hannu, Kunne da Huhun Mai Aiki

A kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa da ke kan titin Zariya a Kano, da shagunan kafintoci, da wuraren haɗa akwatuna da fale-falen ɗora kaya a Sharaɗa, Challawa da Bompai, injin yanka katako shi ne abin cin abincin mutane da yawa. Akwai na tebur mai faifai, akwai na hannu mai sarƙa, wanda ake datsa gungume da shi, ake kuma sare darbejiyar da iskar farkon damina ta kayar a kan titi. Wannan bayani ya fi karkata ga mai sarƙar, musamman ma yanzu da masu aiki da lantarki da batir suka fara shigowa kasuwa.

Idan ma'aikaci ya ji rauni, akan ce tsautsayi ne, ko kuma ganganci. Amma a wajen likitoci akwai dalili na uku, wato shi kansa injin. Yadda aka ƙera shi, da kuma ko kayan kariyar da aka sa masa suna nan ko an cire su, su ne sau da yawa ke raba wanda ya koma gida da ɗan ƙwarzane da wanda aka kwantar a asibiti.

Daga ɗakin tiyata zuwa daji

Likitoci ne suka fara ƙirƙiro zarto mai sarƙa. A ƙarshen ƙarni na 18, John Aitken da James Jeffray na Sikotilan sun yi amfani da 'yar sarƙa mai haƙora wajen yanka ƙashi. A 1830 wani Bajamushe, Bernhard Heine, ya ƙera wadda ake juyawa da hannu don aikin tiyata. A 1926 Andreas Stihl ya fito da nasa injin katako mai sarƙa, kuma na lantarki ne, mai nauyin da sai mutum biyu ke riƙe shi. Na fetur ya biyo baya. Birkin sarƙa da abin rage karkarwa ba su zo ba sai a shekarun 1960 da 1970, bayan da masu sare itace a ƙasashen Turai suka daɗe suna rasa yatsu da ji. Kusan kowane ɓangaren kariya da ke jikin injin yau, wani rauni ne ya jawo aka ƙirƙiro shi.

Tsallen baya: haɗari mafi muni

Sarƙar injin tana gudun kusan mita 20 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan saman hancin takobin, wato ƙarshen ƙarfen da sarƙar ke zagayawa, ya taɓa gungume, ƙusa ko reshe, ko kuma katako ya matse sarƙar, sai injin ya yi tsalle sama ya nufo fuska, wuya ko kafaɗar mai riƙe da shi. Wannan na faruwa kafin ƙiftawar ido. Komai ƙwarewar mutum, hannunsa ba zai riga shi ba.

Saboda haka ne ake sa wa inji mai kyau waɗannan abubuwa:

1. Birkin sarƙa. Shi ne marfin da ke gaban mariƙin hannun hagu. Idan injin ya yi tsalle, hannu zai bugi marfin, ko kuma ƙarfin tsallen ya tura shi, sarƙar ta tsaya cak.
2. Sarƙa mai rage tsalle, wadda ke da 'yan tudu a gaban haƙoranta don kada su cafki katako da yawa lokaci guda.
3. Makullin maɓalli. Maɓallin gudu ba ya dannuwa sai tafin hannu ya danne wani maɓallin na biyu.
4. Ƙugiyar tare sarƙa a ƙasan injin, da faffaɗan marfi a ƙarƙashin hannun dama, don ranar da sarƙa ta tsinke ko ta goce.

Raunin sarƙa ya bambanta da na wuƙa. Tana yaga nama ne, ta kwashe wani, ta cusa dusar katako da man inji a ciki. Shi ya sa ɗinkinsa ke da wuya, kuma yake saurin ruɓa. Hannun hagu da ƙafar hagu ne suka fi samun irin wannan rauni. An ƙera injin ne don hannun dama ya riƙe baya, hagu ya riƙe gaba, kuma ko bahago haka zai riƙe shi.

Karkarwa: ciwon da ke shigowa a hankali

Ba kowane rauni ke zubar da jini ba. Karkarwar inji tana bi ta tafin hannu ta lalata ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin ji na yatsu, a tsawon watanni ko shekaru. Wani likita a Italiya, Giovanni Loriga, ya bayyana wannan ciwo a 1911, sannan Dakta Alice Hamilton ta same shi a jikin masu sassaƙa dutse a jihar Indiyana ta Amurka a 1918.

Alamominsa sun haɗa da:

- yatsu su riƙa sagewa, ko a ji kamar ana tsira allura, musamman da dare;
- kan yatsa ya yi fari ko toka-toka idan ya sha sanyi, sannan ya yi ja da zugi idan jini ya dawo;
- kasa ɗaukar ƙananan abubuwa kamar ƙusa, ko kasa sa maɓallin riga;
- ƙarfin damƙa ya ragu, kayan aiki su riƙa suɓucewa.

A baƙar fata, canjin launin ya fi fitowa a ƙarƙashin farce da cikin yatsa. A Kano an fi lura da shi a lokacin hunturu, wajen alwalar asuba da ruwan sanyi ko hawa babur da sassafe. Shan taba yana ƙara tsananta shi domin yana tsuke hanyoyin jini. Ciwon suga ma yana kawo sagewar yatsu, don haka likita zai so a auna suga kafin a ɗora laifin a kan inji kaɗai.

Idan an gano shi da wuri aka rage aiki da injin, yakan tsaya, wani lokaci ma ya yi sauƙi. Idan jijiya ta riga ta lalace, ba kasafai take dawowa ba. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta kafa doka a 2002 da ta ƙayyade yawan karkarwar da hannun ma'aikaci zai sha a awa 8. A wajen ƙira kuma, ana raba mariƙi da jikin injin ta hanyar sa sifirin ko roba a tsakaninsu. Idan robar ta tsufa ta bushe, ko bakanike ya ɗaure wurin da waya don ya daina motsi, kariyar ta tafi. Sarƙa mai dakushi ma tana ƙara karkarwa, kuma tana sa mai aiki ya danna da ƙarfi.

Ƙara da hayaƙi

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Daga desibel 85 zuwa sama, awa 8 na aiki a kullum na iya lalata ji, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da kunne zai iya jurewa da rabi. Injin fetur mai sarƙa yakan haura desibel 100, wato 'yan mintoci kaɗan ne kunne ke da su. Alamar farko ita ce jin ƙara a kunne bayan an tashi aiki, da yawan cewa "me ka ce?" a cikin taro. Sau da yawa iyali ne ke fara lura, idan maigida ya fara ƙure rediyo. Irin wannan kurumta ba ta warkewa. Auduga a kunne ba ta tare komai a zo a gani. Abin toshe kunne na roba ko na soso ake buƙata.

Injin fetur yana kuma fitar da iskar guba marar wari, irin ta janareta, wadda ke hana jini ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. A cikin rumfa ko sito marar iska, tana sa ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Jiri kuwa ga mai riƙe da sarƙa mai gudu ba ƙaramin abu ba ne.

Me na lantarki ya gyara, me ya bari?

Injin lantarki ko na batir ba ya hayaƙi. Ƙararsa ba ta kai ta na fetur ba, karkarwarsa ma yawanci ta fi sauƙi domin ba shi da fistan da ke dukan sama da ƙasa. Ba a jan igiya kafin ya tashi, abin da ke hutar da kafaɗa da baya. Da an saki maɓalli, ya yi shiru. Ga mai asma, ko wanda yatsunsa suka fara sagewa, wannan sauƙi ne na gaske.

Sai dai yana da nasa haɗarin:

- Sarƙarsa tana yanka kamar ta kowane inji, kuma yana tsallen baya.
- Shirunsa na yaudara. Injin da ke ajiye da batir a ciki a shirye yake. Yaron shago ko yaro a gida na iya ɗauka. A cire batir ko filogi kafin a wasa sarƙa, a ɗaure ta, ko a ajiye injin.
- Idan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, a cire filogi nan take. Kada a bar inji a haɗe a tafi gyara katakon da ya maƙale.
- Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma tana iya kisa. Waya mai faci da leda, ƙasa mai danshi da damina, da hannu mai gumi, haɗuwarsu ba ta da kyau. A sa na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta fara bi ta jikin mutum, a kuma bi da waya ta bayan mai aiki.
- Batir ba ya son zafi. A watannin bazara da zafin Kano ke haura digiri 40, kada a bar shi a rana ko a yi cajinsa kusa da tarin dusar katako. Wanda ya kumbura, a daina aiki da shi.

Ƙurar katako kuwa duk ɗaya ce ko da wane inji aka yanka. A 1995 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji, musamman na cikin hanci. Ƙurar wasu itatuwa da ake kawowa daga kudu, kamar iroko da obece, tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Ƙyalle a hanci ba ya tare ƙananan ƙwayoyinta, sai takunkumin ƙura mai kama fuska sosai.

Kafin ka saya ko ka karɓi inji

Riƙe shi da hannu biyu ka ji ko nauyinsa ya daidaita, bai rinjaya gaba ba. Babban yatsanka na hagu ya iya zagaye mariƙi. Tura birki ka ga ko sarƙa ta tsaya. Duba ko akwai man sarƙa, kuma sarƙar ba ta yi sako-sako ba. Kada ka zaɓi takobin da ya fi aikinka tsawo, domin tsawo na ƙara nauyi da yiwuwar tsalle. Injin kwance mai araha wanda birkinsa ya karye, arha ce da ba ta ado.

A wajen aiki, kada ka yanka abin da ya wuce kafaɗarka, kada ka riƙe da hannu ɗaya, kada ka hau tsani da shi. Babbar riga, rawani mai jela da silifas ba kayan wannan aiki ba ne. A sa rufaffen takalmi, safar hannu, tabarau, da hular kwano idan sare bishiya ne. A riƙa hutawa ana musayar aiki. Ƙwayoyin da ake sha don ƙarin ƙarfi, irin su tiramadol, suna ɓoye gajiya ne kawai, suna kuma rage hanzarin hannu.

Idan rauni ya faru

1. Kashe injin, cire filogi ko batir.
2. Danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. Ɗaga hannun ko ƙafar sama.
3. Idan jini na tsartuwa kuma dannewa ta kasa, ɗaure saman raunin da faffaɗan ƙyalle tamau, ka rubuta lokacin da ka ɗaure. Kada a yi amfani da waya ko siririyar igiya.
4. Kada a zuba fetur, baƙin mai, man birki, toka, ƙasa ko dusar katako.
5. Idan yatsa ya cire, a naɗe shi da ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada ƙanƙara ta taɓa naman kai tsaye.
6. Kada a ba majiyyaci abinci ko ruwa, domin wataƙila za a yi masa aiki.
7. A tafi asibiti kai tsaye. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya, ba nisa da Na'ibawa. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Kowace awa da ta wuce tana rage damar ceto yatsa.

Ko ƙaramin rauni ne, a tambayi ma'aikacin lafiya game da allurar rigakafin tetanus, cutar da ke sarƙe haƙora. Idan bayan yanka wani yatsa ya ƙi lanƙwasuwa ko ya daina ji, alama ce jijiya ta tsinke a ciki ko da fatar ta haɗe, kuma gyaranta ya fi nasara a kwanakin farko.

Yaushe za a ga likita ko babu rauni?

A je asibiti idan yatsu suna sagewa bayan an daina aiki, ko suna canza launi da sanyi. Idan ƙarar kunne ta kwana. Idan tari ko numfashi mai fito yana sauƙi a ranar hutu ya dawo da komawa aiki. Ko idan hanci ɗaya ya daɗe a toshe yana haɓo. A faɗa wa likita irin injin, da shekarun da aka yi ana aiki da shi, da awa nawa a rana.

Ga masu shago da masana'antu, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo saboda aiki, ta hannun hukumar NSITF, don haka yana da kyau a yi wa ma'aikata rajista, a kuma adana takardun asibiti. Kuɗin gyaran birki da sabuwar sarƙa bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Duk maigidan da zai miƙa wa yaronsa inji, ya fara gwada birkin a gabansa.