Kujera 13 a Zariya, 255 a jiha: lissafin zaɓen kansiloli

Majalisar Ƙaramar Hukumar Zariya kujerun kansiloli 13 gare ta, kowace mazaɓa ɗaya, sai ciyaman da mataimakinsa. Shida daga cikin mazaɓun sunayen unguwannin cikin ganuwa ne: Kwarbai A, Kwarbai B, Unguwar Juma, Limancin Kona, Kaura da Unguwar Fatika. Sauran bakwai ɗin a waje suke: Tudun Wada, Gyallesu, Tukur-Tukur, Dambo, Kufena, Wuciciri da Dutsen Abba. Ke nan birni da kansa ba shi da rinjaye a majalisar da ke ɗauke da sunansa, ko da yake kujera ɗaya tak ta rage masa.

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 400,000. A raba su 13, kowane kansila na wakiltar kusan mutum 31,000. A jihar Kaduna baki ɗaya, mutum miliyan 6.1 ne a mazaɓu 255, wato kusan 24,000 ga kowane kansila. Tun a lokacin kansilan Zariya ya fi takwarorinsa kaya, kuma yaron da aka haifa shekarar ƙidayar ya isa jefa ƙuri'a a 2024 ba tare da an ƙara kujera ko ɗaya ba.

Yawan kujerun ya tsaya cik, amma hanyar hawansu ta sha canji. Zamanin En'e, Sarki da majalisarsa ke riƙe da haraji, kotu da 'yan doka. Gyaran fuskar 1976, shekara ɗaya bayan Alhaji Shehu Idris ya hau sarautar Zazzau, shi ya kafa ƙaramar hukuma iri ɗaya a duk ƙasa, ya raba mulkin yau da kullum da fada. A Disambar 1987 an yi zaɓe ba jam'iyya. A Disambar 1990 aka yi ƙato-bayan-ƙato tsakanin SDP da NRC, kowa ya tsaya a layi maƙwabcinsa na kallonsa. A ranar 5 ga Disamba, 1998, hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a duk Nijeriya, galibin kujerun suka rabu tsakanin PDP, APP da AD. Daga nan tsarin mulkin 1999 ya miƙa aikin ga hukumomin zaɓe na jihohi, waɗanda gwamna ke naɗa shugabanninsu, majalisar jiha ta sa albarka.

Canjin da aka fi yi wa ganga shi ne na 12 ga Mayu, 2018. Ranar ce jihar Kaduna, a mulkin Malam Nasir El-Rufai, ta zama ta farko a Nijeriya da ta yi zaɓe da na'ura. A Afirka, Namibiya ta riga ta tun 2014. Mai zaɓe ba ya dangwala yatsa a takarda. Yana ganin alamomin jam'iyyu a fuskar na'ura, ya taɓa wadda yake so, na'urar ta lissafa. An sake yin haka ranar 4 ga Satumba, 2021, da na'urorin da aka yi wa gyara don toshe ƙofar jefa ƙuri'a fiye da sau ɗaya, matsalar da aka gani a karon farko. A 2024 majalisar jiha ta canza doka a mulkin Gwamna Uba Sani, aka ajiye na'ura, aka koma takarda da akwati a zaɓen 19 ga Oktoba.

To, me ya canza a sakamako? A Zariya, ba kome. APC ce ta ci kujerar ciyaman a 2018, ita ce a 2021, ita ce a 2024. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san garin. Kakakin Majalisar Wakilai, Abbas Tajudeen, ɗan APC, shi ke wakiltar Zariya tun 2011. Jam'iyyar na da jama'a a nan, da na'ura ko ba na'ura.

Sai an ɗaga kai an dubi jihar sannan ake ganin bambanci. A zaɓukan na'ura guda biyu, PDP ta ci wasu ƙananan hukumomi, musamman a kudancin jihar. A 2021 ma jam'iyyar gwamna ta faɗi a rumfar da shi gwamnan ya jefa ƙuri'arsa a Unguwar Sarki, cikin Kaduna, aka kuma sanar da hakan. A 2024 kuwa hukumar zaɓen jiha ta ce APC ta lashe ciyamomi 23 cikin 23, da kansiloli 255 cikin 255.

A ajiye wannan kusa da zaɓen gwamna na 18 ga Maris, 2023, wanda INEC ta gudanar. Uba Sani ya samu ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru na PDP ya samu 719,196. Rata 10,806 ce, ba ta kai ɗaya cikin ɗari na ƙuri'un mutum biyun ba. Makonni uku kafin nan, Atiku Abubakar ne ya ci jihar a zaɓen shugaban ƙasa, PDP kuma ta kwashe kujerun sanata duka uku, har da ta shiyyar da Zariya take ciki. Wata 19 bayan zaɓen gwamnan, jam'iyyar da ta tara mutum 719,196 ba ta samu kansila ko ɗaya ba, daga Birnin Gwari har Kaura ta kudu.

Akwai bayanan da ba sai an ambaci maguɗi ba, kuma adalci ne a kawo su. Tsarinmu na wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauke duka ne: mai 51 ya hau, mai 49 ya koma gida hannu rabbana, don haka ƙaramin rinjaye kan zama babban rinjayen kujeru. Ga sauya sheƙa, wadda kan biyo bayan kowace faɗuwa. Ga kuma magoya bayan adawa da ke zama a gida saboda sun riga sun yanke ƙauna. Duk waɗannan na iya mayar da rabi da rabi ya koma kashi 70 ko 80. Amma sharaɗin cinye 255 shi ne rinjayen ya bazu daidai wa daida a kowace mazaɓa, alhali kowa ya san ƙuri'ar Kaduna ba haka take kwance ba. Akwai yankunan da jam'iyya guda ta daɗe da kafa sansani, wasu na wannan, wasu na waccan. 'Yan adawa sun ce a wurare da dama ba a kai kayan zaɓe ba. Hukumar ta tsaya kan sakamakonta. Alƙaluma kaɗai ba sa yanke hukunci tsakaninsu, amma nauyin bayani yana kan wanda abokin karawarsa ya tashi da sifili.

Kada wani ya ce halin APC ne, ko halin Kaduna. Mako guda bayan zaɓen Kaduna, ranar 26 ga Oktoba, 2024, NNPP, mai mulkin Kano a lokacin, ta cinye ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. A Katsina, a Fabrairun 2025, APC ta ɗauke 34 da 361. Jam'iyya ta bambanta, sakamako iri ɗaya. Wuri ɗaya ne a ƙasar nan INEC ke shirya irin wannan zaɓe, wato Abuja, kuma a Fabrairun 2022 ƙananan hukumominta shida sun rabu uku da uku tsakanin APC da PDP. A ganina wannan shi ne adadin da ya fi kowane magana a lissafin nan. Na'ura ta taimaka, gaskiya ne, domin ta rage hannayen da ƙuri'a ke bi kafin ta zama lamba. Sai dai doka guda ta kawo ta, doka guda ta kore ta, duka a zauren majalisar jiha. Mai naɗa alƙalin wasa bai canza ba tun 1999.

Dalilin da ya sa ake wannan kokawa a kan kujerar da mutane da yawa ba su san mai ita ba, kuɗi ne. Daga kowace naira 100 da ake rabawa a asusun tarayya, naira 52 da kwabo 68 na gwamnatin tarayya ne, 26 da kwabo 72 na jihohi, 20 da kwabo 60 na ƙananan hukumomi 774. Shekara da shekaru wannan kason yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma kantoma ko kwamitin riƙo ba shi da hurumin karɓa. Shi ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe a watannin da suka biyo baya. Zariya ta san zaman kantoma: kafin zaɓen 2018 ta yi shekaru ana naɗo mata masu riƙo daga Kaduna. Kotu ta rufe wannan ƙofa, amma ba ta taɓa hukumomin zaɓen jihohi ba, tunda tsarin mulki ne ya kafa su.

Ga mazaunin Limancin Kona ko Unguwar Juma, maganar ta sauko ne kan magudanar ruwa da ke cikewa kowace damina, da asibitin sha-ka-tafi, da rufin makarantar firamare, da tsabtar kasuwa. Duk ayyukan ƙaramar hukuma ne. Kansilan da ya san 31,000 ɗin nan ne suka ɗora shi, zai ji kunyar bi ta lungun da ruwa ya ci. Wanda ya san sunansa daga sama ya zo, can zai riƙa kai gaisuwa.

Masu neman a karɓe zaɓen daga jihohi, a ba INEC ko wata sabuwar hukuma ta ƙasa, suna da nasu lissafin da za su haye. Gyaran tsarin mulki na buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, sannan amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. A zagayen gyaran da aka kammala a 2023, ƙudurorin 'yancin ƙananan hukumomi sun wuce a Abuja, suka kasa samun 24 ɗin.