Zomon Da Za A Kai Nuni

A hutun da ya wuce na sauka jirgin ƙasa a Iddo, na wuce Agege wurin ƙanen mahaifina. Can na tarar da ɗansa yana kiwon wani farin zomo, ya ce so yake ya kai shi nuni. Na ɗaga leɓen zomon, sai na ga haƙoran gaba sun goce, ba su haɗu ba. Na ce masa alƙali daga nan zai fid da shi.

To, 'yan'uwana malaman gobe, ku da za ku riƙe gonar makaranta, ƙiba kaɗai ba ta isa ba. Zomo mai majina, ko ƙurji a kunne, ko gyambo a tafin ƙafa, ba ya shiga. Kuma lalle launinsa da nauyinsa su dace da irinsa.

Sai shaida. A Ingila, inda aka kafa majalisar masu zomaye a 1934, tun yana ɗan mako 8 zuwa 10 ake zura masa zobe mai lamba a ƙafar baya, a rubuta sunan mai shi. In ya girma zoben ba ya fita. Amurkawa kuwa lamba suke tsagawa a kunnen hagu.

Yaron dai bai ji daɗi ba, amma akwai 'ya'yan zomon guda 5.