Inci biyun da suka kayar da harsashin Remington

A shekarar 1955 manyan kamfanonin ƙera bindiga biyu na Amurka kowanne ya fito da sabon harsashin farauta. Winchester ya sa wa nasa suna .243, Remington ya sa wa nasa .244. Bambancin lambar a suna ne kawai, domin kaurin ƙwayar harsashin ɗaya ne, inci 0.243, wato kimanin milimita 6. An yi su ne don maharbin da ke son bindiga guda ta yi masa aiki biyu: ya harbi dila da sauran ƙananan dabbobi masu ɓarna a gona, in lokacin farauta ya zo kuma ya nemi barewa da ita. Ba a je ko'ina ba na Winchester ya mamaye kasuwa, na Remington kuwa ya yi kwantai. Me ya jawo?

Abin da mutum zai fara zargi shi ne ƙarfi. To amma a nan Remington ne ma ke gaba. An samo kwanson .244 daga na .257 Roberts, wanda shi kuma ya samo asali daga 7x57 Mauser na Jamus, yayin da .243 ya fito daga kwanson .308 Winchester da aka matse wa wuya. Na Remington ya ɗan fi cin albarushi, saboda haka ya ɗan fi gudu. Wannan zargi ya faɗi.

Sai a koma kan bindigar kanta. Gaskiya ne Model 70 ta Winchester ta fi kyan gani, ta kuma fi suna, ita kuwa Model 722 ta Remington bindiga ce ta mai ƙaramin ƙarfi, ba ado ba kwalliya. Sai dai a cikin wannan 722 ɗin ce aka fito da harsashin .222 Remington a 1950, ya kuma yi suna wajen saiti har a gasar harbi. Bindigar da ta yi wannan ba za a ce ba ta iya harbi ba.

Alama ta farko tana kan kantar mai shago. Amurkawa suna auna nauyin ƙwayar harsashi da ma'aunin giren. Winchester ya sayar da mai giren 80 da mai giren 100. Remington ya sayar da mai 75 da mai 90, ya tsaya nan. Maharbin barewa ya shigo shago, ya ga 100 a wannan kwali, 90 a wancan, sai ya miƙa hannu ga mai nauyi. Tazarar giren 10 ba ta kai giram ɗaya ba, kuma a ganina barewar da aka sama a ƙirji da mai 90 ba za ta san an rage mata komai ba. Amma ido ke sayayya. Abin tambaya shi ne, me ya hana Remington ƙara wannan ɗan nauyin ya huta?

Amsar ta fara fitowa daga hannun masu ɗura harsashi da kansu a gida, al'adar da ta yaɗu ƙwarai tsakanin maharban Amurka. Suka sayi ƙwaya mai giren 100 mai tsini, suka ɗura a kwanson .244, suka harba a takarda. Harbin ya watse. A wasu bindigogin ma ramin da ke jikin takardar ba zagayayye ba ne, dogo ne, siffar harsashin a kwance. Ma'ana ƙwayar ba da kai ta iso ba, tana tangaɗi ta iso da gefe. Ga kuma abin ɗaure kai: in aka ɗura mai giren 100 ɗin amma mai dunƙulallen kai, sai ta tafi daidai. Nauyi ɗaya, albarushi ɗaya, bindiga ɗaya. Ashe ba nauyi ba ne matsalar. Abin da ya raba ƙwayoyin biyu shi ne tsawo, don mai tsini ta fi tsayi.

Daga nan dole a leƙa cikin bututu. Bindigar toka da maharbanmu suka saba da ita cikinta sumul yake. Ta zamani kuwa an yi mata tsagu masu murɗewa tun daga gindi har baki, su ne ke kama ƙwaya su juya ta. Kamar katantanwar yara ce, muddin tana juyi da sauri tana tsaye cak, da juyin ya ragu sai ta fara layi. Tun a 1879 wani malamin lissafi a makarantar soja ta Woolwich a Ingila, Alfred George Greenhill, ya fitar da ƙa'idar da ke nuna cewa gwargwadon tsawon ƙwaya, gwargwadon saurin juyin da take bukata kafin ta tsaya kan hanya.

Winchester ya yi wa bututunsa murɗin da ke cika zagaye ɗaya a inci 10. Remington, wanda hankalinsa ya fi karkata ga gajerun ƙwayoyin harbin ƙananan dabbobi, ya zaɓi zagaye ɗaya a inci 12. In ƙwaya ta fita da gudun ƙafa 3,000 a daƙiƙa, a bututun Remington tana juyawa sau 180,000 a minti, a na Winchester sau 216,000. Tsakanin waɗannan lambobi biyu doguwar ƙwaya mai giren 100 ta faɗa. A 1963 Remington ya sake fito da harsashin da sabon suna, 6mm Remington, a bindigar Model 700, da murɗin inci 9 da ƙwaya mai giren 100. Kwanson bai canza ba ko kaɗan. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe, har yau .243 ne ake samu a kusan kowane shagon kayan farauta.

Wannan labari shi ne ma'aunin da mai neman a sauya masa bututu zai auna maƙeri da shi. A Amurka aikin hawa biyu ne. Kamfanoni irin su Krieger da Bartlein a Wisconsin, Shilen a Texas da Douglas a West Virginia su ke yin bututun da tsagunsa, mai saye ya zaɓi murɗin da yake so. Maƙerin bindiga, wanda wata dokar 1968 ta wajabta wa lasisin gwamnatin tarayya, shi ke yanka mazaunin harsashi, ya ɗaura bututun a jikin bindiga, ya gyara bakinsa, ya gwada da ma'auni ya tabbatar kwanso ya zauna daidai. Hannunsa na iya zama gwani a duk waɗannan, amma in an yi odar murɗin da bai dace ba, babu gwanintar da za ta gyara. Kuɗin bututu da watannin jira sun tafi ke nan.

Wanda ya gaji tsohuwar .244 ma ba sai ya yi ta canki-canka ba. Ya cire harsashi, ya tura sandar goge bututu da ƙyalle a matse, ya yi mata alama, ya auna inci nawa ta shiga kafin alamar ta zagayo. In 12 ya samu kuma yana son doguwar ƙwaya, sabon bututu ne magani. In ba ya son kashe kuɗi, ya tsaya a giren 90 ya ci gaba da farautarsa.

Idan ka kai bindigarka wurin maƙeri, ka saurari abin da zai fara tambaya. Wanda ya ce, "Wace dabba za ka nema, daga wace tazara, kuma da wace ƙwaya?" zauna ku yi magana, ka nemi ya nuna maka takardun gwajin bindigogin da ya yi wa aiki. Wanda kuwa ya fara da farashi da irin fentin da zai shafa, ɗauki kayanka ka ƙara gaba.