Himma da Gaggawa a Adon Maganar Hausa: Waiwaye Daga Ƙasar Yauri

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba adon maganar da ake zaburar da mutum da shi domin ya ƙara ƙoƙari ko ya yi sauri, da kuma nuna cewa irin wannan magana tana adana tarihin harshe ko da muhallin masu magana ya sauya.

2.0 Tushen Siffantawa

Kowace al'umma takan ɗebo siffantawa daga abin da ta saba gani yana motsi. Mai jin Sifaniyanci yakan ce "ponte las pilas", wato ka saka wa kanka batir, ko "arrimar el hombro", wato kawo kafaɗa a ɗauki kaya tare. Bature kuwa yana da "step on the gas", daga tuƙin mota, da "pull your weight", daga tuƙin kwale-kwale. Shi kuma Bahaushe daga jiki da doki ya ɗebo nasa: zage damtse, ɗaura ɗamara, tashi tsaye, ƙara ƙaimi.

3.0 Misali Daga Bakin Kogin Kwara

Ƙasar Yauri, wadda ta haɗa da Ngaski da Shanga, ƙasar ruwa ce. Sarkawa da Gungawa sun daɗe suna su da fito a nan, tun kafin a kammala madatsar Kainji a 1968, wadda ta tayar da mutane kimanin 44,000 daga matsugunansu. Duk da haka, idan matuƙin jirgi zai zaburar da ɗan'uwansa da Hausa, "ƙara ƙaimi" tana zama daidai a bakinsa, alhali ƙaimi kayan mahayin doki ne. Wato Hausa ta iso gaɓar kogi da kayanta na tudu. Zuwan mota da injin jirgi ya ƙaro "ba ta wuta" da "taka totur". Sai kuma kalmar "rigata", sunan bikin tseren jirage na Yauri. Daga Ingilishi aka aro ta, shi ma Ingilishi daga Italiyanci. Mai yiwuwa kamanninta da "riga" da "rige-rige" ya taimaka ta zauna.

4.0 Tarko Ga Mai Fassara

Hausa tana yabon himma tana kushe gaggawa, shi ya sa ake cewa "himma ba ta ga raggo", amma kuma "sauri ya haifi nawa". Saboda haka mai fassarar da ya mayar da "ponte las pilas" zuwa "yi gaggawa" ya kauce, domin "zage damtse" ta fi dacewa. Haka nan "ɗaga ƙafa" tana nufin yi sauri, amma "ɗaga masa ƙafa" sassauci ne.

5.0 Kammalawa

Ya kamata ɗaliban Hausa su shiga Yalwa da ƙauyukan bakin tafki su naɗi maganganun matuƙa da masunta, tun dattawan da suka san tsibiran kafin 1968 suna raye.