Lauyan Muhalli Da Tsakar Gidanki

 Ina gaida masu saurarenmu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu da kewaye.

Da yawanmu in an ce lauya, sai hankalinmu ya tafi kan shari'ar gado ko rikicin fili. To akwai wani lauya da aikinsa ya shafi ruwan randarki, da ƙasar da ɗanki yake rarrafe a kai, da maganin da kika aika aka sayo miki. Shi ake kira lauyan muhalli da kare haƙƙin mai saye.

Bari mu fara da abin da ya faru a jiharmu. A shekarar 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yaro ya yi ta amai, ya sandare, kafin a ankara ya cika. Da aka auna jininsu sai aka ga gubar dalma ce. Duwatsun da maza ke haƙowa don neman zinariya akwai dalma a ciki, kuma gida ake kawo su, mata su daka, a niƙa, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasa da kwanon abinci, yaro ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba, taimakon maigida suke yi, ba wanda ya taɓa gaya musu.

To ina lauya ya shigo? Kin ga likita zai ba yaro magani, amma in ya koma gidan da gubar take, an yi ba a yi ba ke nan. Dole a kankare ƙasar gidan a zuba sabuwa, wannan kuwa aikin kuɗi ne, aikin hukuma. Garin Bagega sai da ya jira har 2013 kafin a saki kuɗin share shi, bayan ƙungiyoyin kare haƙƙi sun yi ta matsa lamba. Makamin irin wannan gwagwarmaya doka ce. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa. A 2007 an kafa hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, aka kuma yi dokar haƙar ma'adinai. Aikin lauya shi ne ya tattara shaida, ya rubuta wa hukuma cewa ga abin da doka ta wajabta mata, in ta yi kunnen uwar shegu ya kai ta gaban alƙali. Kada mu ce Anka da nisa. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: kada ki yarda a shigo miki da dutsen haƙa cikin gida.

Aikin ya haɗa da sauyin yanayi ma. Mutanen Gusau ba su manta da ambaliyar 2006 ba, lokacin da madatsar ruwa ta ɓalle. A 2021 Nijeriya ta yi dokar sauyin yanayi, kuma doka ba ta tafiya da ƙafarta, sai an sami masu bin kadinta.

Sai ɓangaren saye, wanda ya fi shafarmu mu da muke cikin gida. Ba ke kike zuwa kasuwa ba. Yaro kike aika, ko dillaliya ta kawo miki. In aka kawo madarar da ta lalace ko maganin jabu, yawanci sai mu ce ƙaddara, mu zubar. Alhali akwai hukumar FCCPC mai sauraren ƙorafin masu saye, ga kuma NAFDAC mai kula da abinci da magani. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In kaya ya cutar da wani, kada ki jefar da kwalin ko kwalbar, ki adana, ki riƙe ranar da shagon da aka saya. Wannan kwalin da kika ɓoye a ƙarƙashin gado, da shi lauya zai fara aiki.

Ga misalin inda wannan aiki yake kai mutum. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin magani da yara kimanin 200, 11 suka rasu. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma bayan gwamnatin Kano ta kai ƙara, a 2009 aka sasanta kan dala miliyan 75. Cikin lauyoyin Kano akwai Babatunde Irukera, wanda daga baya ya shugabanci hukumar kare masu saye daga 2017 zuwa farkon 2024.

Yanzu uwargida, 'yarki ma tana iya zama irin wannan lauya. Bayan sakandare za ta yi shekara biyar a jami'a, kamar ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Bayero a Kano, ko Ahmadu Bello a Zariya. Daga nan sai shekara ɗaya a makarantar horas da lauyoyi, wadda take da reshe a Bagauda. Tana iya aiki a ma'aikatar shari'a, ko waɗannan hukumomi, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA mai taimaka wa mata da yara marasa hali. Kuma ku tuna, lauya namiji a zaure zai tsaya. Mace ce za ta yi sallama ta shigo har tsakar gida, ta ga turmin da idonta, ta ji ta bakin uwar yaro. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Don haka in yarinya ta nuna tana son karatu, ki zauna da maigida ku yi shawara cikin natsuwa. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, a shafa mini kan yara. Ku huta lafiya.