Tarin fuka na ƙashin baya: yaushe magani ke isa, yaushe sai an yi tiyata?

Yawancin mutane sun san tarin fuka, wato tibi, da cutar huhu. Amma ƙwayar cutar tana iya bin jini ta sauka a ƙashin baya, ta riƙa cin ƙashin a hankali har gaɓoɓinsa su burma. Wannan ne sanadin ƙusumbin da ake gani a bayan wasu yara da manya, kuma yana cikin abubuwan da ke shanye ƙafafu ba tare da an yi haɗari ba. Likitoci na kiransa cutar Pott, saboda wani likitan Ingila, Percivall Pott, da ya yi bayaninta a 1779.

A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, inda noma ne sana'ar akasarin jama'a, ciwon baya ba abin mamaki ba ne, shi ya sa wannan cuta ke daɗewa a ɓoye. Ana cewa gajiyar gona ce ko sanyin ƙashi, a sha maganin kashe ciwo, a je wurin mai ɗori ko a yi sakiya. Abin da ya bambanta ta shi ne ciwon yana zaune a wuri guda tsawon makonni ko watanni, hutu ba ya rage shi, da dare ma yakan ƙaru. Sau da yawa akwai rama, zazzaɓin yamma da zufan dare. Rashin tari ba ya kore ta, domin da yawan masu ita ba sa tari ko kaɗan.

Tambayar da iyalai suka fi yi ita ce ko sai an yi aiki. Amsar da muke bayarwa a yau ta samo asali ne daga wani dogon bincike da ya cancanci a san shi. A 1956, likitoci biyu a Hong Kong, Hodgson da Stock, sun bayyana tiyatar da ake shiga ta gaba a kwashe ruɓaɓɓen ƙashi, a dasa lafiyayye a gurbinsa. Aikin ya yi suna, har wasu suka ɗauka kowane majinyaci na buƙatarsa. Daga tsakiyar shekarun 1960, Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta shirya gwaje-gwaje a Koriya ta Kudu, Bulawayo ta ƙasar Zimbabuwe ta yanzu, Hong Kong, daga baya kuma Madras a Indiya. An raba majinyata rukuni-rukuni: wasu magani kaɗai suna zaune a gida, wasu magani da kwanciya a asibiti, wasu da filasta a jiki, wasu da tiyata, aka bi su shekara da shekaru.

Sakamakon ya nuna cewa fiye da takwas cikin goma na waɗanda suka sha magani kaɗai sun warke. Kwanciyar watanni da filasta ba su ƙara komai ba. Tiyatar Hong Kong ta sa ƙashi ya haɗe da wuri, ta kuma rage lanƙwashewar baya, amma wajen kashe cutar kanta magani ne ke yin aikin. A ganina, cikin duk binciken da aka yi kan ƙashin baya, kaɗan ne suka amfani talaka kamar wannan, domin ya cire wa dubban iyalai nauyin sayar da gona ko shanu don aikin da ba dole ba. Sai dai a lura: ba a sa masu shanyewar ƙafafu mai tsanani cikin waɗannan gwaje-gwaje ba, don haka sakamakon bai shafe su ba.

Su ne ke buƙatar likitan tiyata, kuma cikin gaggawa. Idan mugunya ko karyayyen ƙashi ya danne laka, ƙafafu kan fara nauyi, tafiya ta koma tangaɗi, fitsari ko bayan gida ya riƙa kufcewa ko ya ƙi fita. Duk kwanan da aka ƙara a gida yana rage damar sake miƙewa. Haka nan idan an yi makonni ana shan magani amma raunin ƙafafu na ƙaruwa, ko bayan yana ci gaba da lanƙwashewa.

Yara kuma lamarinsu daban ne. Farfesa Rajasekaran na asibitin Ganga da ke Coimbatore a Indiya, wanda ya taɓa samun kyautar ƙungiyar duniya ta masu binciken ƙasan baya, ISSLS, ya wallafa a 2001 abin da ya gani bayan bin yara masu wannan cuta shekara 15. Ya nuna cewa ƙusumbin yaro na iya ci gaba da girma bayan cutar ta warke, muddin yaron na girma, ya kuma fitar da alamomin da ake gani a hoton ƙashi da ke nuna wanda ke cikin haɗari. Saboda haka yaron da ya gama magani ba a sallame shi ba ke nan. A riƙa dawo da shi ana dubawa har ya gama tsayi.

A tsarin Najeriya, maganin tarin fuka na ƙashi wata 12 ne: wata 2 na farko da magunguna huɗu, sauran wata 10 da biyu. Kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin DOTS na gwamnati. Hoton MRI da tiyata kuwa sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Likitan babban asibitin da ya fi kusa da ku, a Ƙanƙara ko Funtuwa, zai iya rubuta takardar turawa.

Ciwo kan lafa bayan 'yan watanni, a nan ne mutane ke ajiye magani, cutar ta dawo, wani lokaci ta daina jin maganin. Matsalar tsaro a yankinmu ta ƙara dagula wannan, domin iyali na iya barin ƙauye dare ɗaya. Ku ajiye katin magani inda za a iya ɗauka da sauri, ku nuna shi a kowace cibiyar DOTS ta garin da kuka sauka, za a ci gaba daga inda aka tsaya. Fitsari ya koma ja-ja saboda rifampicin ba abin tsoro ba ne. Amma idan ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dushewa, a koma asibiti a ranar.